Albert Camus: Ɗan mai aikatau da ya ce kimiyya ba ta amsa kowace tambaya ba

Manoman tumatir na yankin Danja da Funtua da Malumfashi ba sa buƙatar a ba su labarin sharon. Wannan ƙaramar tsutsa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta yi wa gonakin tumatir na jihohin Kano da Kaduna da Katsina mummunar ɓarna a shekarar 2016, har tumatir ya nemi ya gagari tukunyar talaka.

Malamin gona zai iya yin bayaninta dalla-dalla: cewa asalinta daga Kudancin Amurka ne, yadda ƙwaron ke yin ƙwai a kan ganye, yadda tsutsar ke shiga cikin ganyen ta cinye shi daga ciki, da yadda take sabawa da maganin feshi har ya daina yi mata komai. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da amfani.

Sai dai akwai tambayar da ba ta cikin littafin malamin gona. Mutumin da ya ci bashi ya sayi taki da man injin ban-ruwa, ya wayi gari gonarsa ta bushe kamar an bi ta da wuta, me zai sa ya sake zuba iri baɗi? A Danja ba a wahalar samun amsa. Ƙaddara ce, jarrabawa ce, kuma Allah ne mai mayarwa. To wanda bai yi imani ba fa, da me zai riƙe?

A kan wannan tambaya ce wani marubuci haifaffen arewacin Afirka ya ƙarar da rayuwarsa. Sunansa Albert Camus, ana furta shi Alber Kamu. Bai yi imani da addini ba, amma kuma ya ƙi yarda da masu cewa babu wani abu a duniya sai wanda ake iya aunawa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma duk tambayar da kimiyya ba ta amsa ba to shirme ce.

Gidan da babu littafi

An haifi Camus ranar 7 ga Nuwamba, 1913, a ƙauyen Mondovi da ke gabashin Aljeriya, wanda yanzu ake kira Dréan, kusa da birnin Annaba. A lokacin Aljeriya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Iyayensa Turawa ne 'yan kaka-gida, amma daga cikin talakawansu.

Mahaifinsa, Lucien, ma'aikaci ne a wata gonar inabi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka ɗauke shi soja, aka ji masa rauni a ka a gumurzun kogin Marne, ya mutu a watan Oktoban 1914. Yaron bai cika shekara ɗaya ba. Asibiti ya aika wa matarsa guntun ƙarfen da aka ciro daga kansa, ta ajiye shi a cikin gwangwanin biskit.

Mahaifiyar, Catherine Sintès, 'yar asalin tsibirin Minorca ce na ƙasar Sifaniya. Ba ta iya karatu ba, ba ta ji sosai, kuma maganarta ba ta da yawa. Ta kwashe 'ya'yanta biyu ta koma wurin mahaifiyarta a unguwar Belcourt ta ma'aikata a birnin Aljiyas, tana aikatau a gidajen mutane.

Gidan babu wutar lantarki, babu famfo a ciki, babu littafi ko ɗaya. Kakar ce ke mulki, da bulala a hannu. Takan duba ƙasan takalmin yaron da yamma don ta gane ko ya je buga ƙwallo, saboda babu kuɗin sayen wani. Sunan gidan Katolika ne, an kuma yi wa yaron baftisma, amma ba gidan ibada ba ne.

Wanda ya sauya masa rayuwa malaminsa ne na firamare, Louis Germain. Kakar ta so yaron ya bar makaranta ya fara kawo kuɗi. Germain ya je har gida ya roƙe ta, ya riƙa yi masa darasi na musamman ba tare da karɓar ko sisi ba, har ya ci jarrabawar samun tallafin karatu ya shiga babbar sakandaren Aljiyas a 1924.

Tarin fuka yana ɗan shekara 17

Camus ya tashi yana son teku da rana da ƙwallon ƙafa. Shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar matasa ta Racing Universitaire d'Alger. A ƙarshen 1930 ya fara tarin jini, likitoci suka tabbatar tarin fuka ne.

A wancan zamani ba a riga an gano maganin cutar ba. Abin da ake yi shi ne a ɗura iska a ƙirji don huhun da ya kamu ya lotsa ya huta, sai kuma jira. Yaro ɗan shekara 17 ya kwanta a asibitin talakawa yana kallon waɗanda ke kusa da shi suna mutuwa. Likitoci sun san sunan ƙwayar cutar, sun san yadda take cin huhu. Babu wanda ya iya gaya masa me zai yi da ragowar kwanakinsa.

Ya tashi, amma cutar ba ta rabu da shi ba har ya bar duniya. Ita ta raba shi da ƙwallo. Ita ta sa aka hana shi zama jarrabawar da za ta ba shi damar koyar da falsafa a makarantun gwamnati. Ita ta sa soja suka ƙi ɗaukarsa a 1939.

Ya koma zama gidan mijin innarsa, wani mahauci mai son karatu, inda ya samu nama da littattafai. Malaminsa na falsafa, Jean Grenier, ya ja shi a jiki. A Jami'ar Aljiyas, kundin da ya rubuta a 1936 a kan masanin falsafa Plotinus ne da kuma Augustine, babban malamin Kirista wanda shi ma haifaffen ƙasar da ake kira Aljeriya a yau ne, ya kuma yi limanci a Hippo, wato Annaba ta yanzu. Tun daga nan Camus ya saba da karanta masu imani da idon basira, bai taɓa ɗaukar su wawaye ba.

Jam'iyya, ma'aunin iska da yunwar Kabiliya

A 1935 ya shiga jam'iyyar Kwaminis, saboda yana ganin ita ce ke tsaya wa ma'aikata da Musulmin Aljeriya. Da jam'iyyar ta sauya layi bisa umarnin Mosko ta juya wa 'yan kishin ƙasa na Aljeriya baya, ya ƙi bi. Aka kore shi a 1937. Darasin da ya ɗauka shi ne, ƙungiyar da ke iƙirarin ta san inda tarihi ya dosa ba ta jin nauyin sayar da mutanen da ke gabanta.

Daga ƙarshen 1937 zuwa 1938 ya yi aiki a cibiyar nazarin yanayi ta jami'ar, yana tattara alƙaluman ruwan sama da zafi da nauyin iska da aka ɗauka a tashoshi daban-daban na ƙasar. Ya ga aikin kimiyya daga ciki, ya san haƙurin da yake buƙata, kuma bai raina shi ba.

Sai ya koma aikin jarida a Alger Républicain. A watan Yunin 1939 ya je yankin Kabiliya mai duwatsu, inda yunwa ta yi ƙamari, ya rubuta jerin rahotanni. Ya kawo lissafin abin da ake biyan leburan gona a rana, da yawan hatsin da ake raba wa iyali, da ƙarancin likitoci da makarantu. Ya ba da labarin yaran da ya gani suna kokawa da karnuka a kan juji. Bai ɗora laifin a kan fari ko kasalar mutanen ba, ya ɗora shi a kan tsarin mulkin mallaka.

Hukuma ba ta manta ba. A farkon 1940 aka rufe jaridar da yake aiki a lokacin, ya rasa mai ɗaukarsa aiki a Aljiyas, ya tafi Paris.

Inda ya ga iyakar kimiyya

A 1942, Jamus na mamaye da Faransa, littattafansa biyu suka fito. Na farko ƙagaggen labari ne, L'Étranger, wato Baƙo. Na biyu na falsafa ne, Le Mythe de Sisyphe, wato tatsuniyar Sisifus. A na biyun ne ya shimfiɗa matsayarsa.

Ya fara da cewa tambaya mafi nauyi ita ce ko rayuwa ta cancanci a ci gaba da ita, sauran tambayoyi duk a bayanta suke. Ya kawo misalin Galileo, wanda ya tsaya a kan cewa duniya ce ke zagaya rana, amma da aka yi masa barazana ya janye maganarsa. A ganin Camus bai yi laifi ba, domin wannan gaskiya ba ta kai a ba da rai a kanta ba. Amma kullum ana samun waɗanda ke mutuwa saboda sun ga rayuwarsu ba ta da ma'ana, da kuma waɗanda ke ba da ransu saboda abin da ya ba su ma'ana.

Daga nan ya juya kan kimiyya. Ya yarda tana siffanta duniya, tana jera dokokinta, tana rarraba komai har zuwa ƙwayar zarra. Amma idan aka matsa aka tambayi mece ce ƙwayar zarrar, sai a ba mutum wani hoto na ƙananan abubuwa da ba a gani suna zagaya wata cibiya kamar taurari. Wato a ƙarshe an koma misali da kwatance. Mutum ya samu lissafi mai aiki, amma ƙishirwar da ta kawo shi tana nan.

Camus bai ce kimiyya ƙarya ba ce. Mutumin da ke zuwa asibiti a kai a kai don a duba huhunsa ba zai faɗi haka ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki amsar yadda abu ke faruwa a ce ita ce amsar dalilin da zai sa mutum ya damu da shi. Sanin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar uwa lokacin da ɗanta ya mutu bai gaya wa kowa abin da ya kamata a yi mata ba.

Matsalar ɗan Adam a wurinsa ita ce wannan saɓani: zuciya tana neman dalili, duniya kuma ta yi gum. Ya ce akwai hanyoyi biyu na guje wa saɓanin, kuma duk ya ƙi su. Ta farko mutum ya kashe kansa, wanda ya ɗauka miƙa wuya ne. Ta biyu mutum ya yi tsalle ya kama wata amsa da hankalinsa bai kai gare ta ba, don kawai ya samu sauƙi. Abin da ya zaɓa shi ne a zauna da tambayar ido buɗe, a ci gaba da aiki.

Sisifus, a tatsuniyar Girkawa, mutum ne da aka yanke wa hukuncin tura ƙaton dutse zuwa ƙololuwar tsauni, da ya kai sai dutsen ya gangaro, ya sauko ya sake. Camus ya kwatanta shi da leburan da ke maimaita aiki ɗaya kullum har mutuwa. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne lokacin saukowa, sa'ad da mutumin ya san sarai abin da ke jiransa a ƙasa amma bai fasa ba. A nan ya ga mutunci, har ma da wata irin natsuwa.

Mararrabar da ya rabu da masu imani

Almajirin da ya karanta Imam Ghazali zai ji wani ɓangare na wannan bai zame masa baƙo ba. Fiye da shekara 800 kafin Camus, Ghazali ya bar kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, bayan ya shiga wani hali na ruɗani. A littafinsa al-Munqidh min al-Dalal ya ba da labarin yadda a wani lokaci ya yi shakkar abin da ido ke gani da abin da hankali ke yankewa. Ya kuma gargaɗi masu ƙaryata ilimin lissafi da na kusufi da sunan kare addini, ya ce cutar da addinin suke yi.

Duka biyun sun yarda ilimin halitta gaskiya ne a fagensa, sun kuma yarda yana da iyaka. A bakin iyakar suka rabu. Ghazali ya ce haske daga Allah ne ya fitar da shi. Camus ya ce shi bai ga wannan haske ba, kuma ba zai yi ƙaryar ya gani ba.

Duk da haka bai shiga sahun masu yi wa addini ba'a ba. A watan Disamban 1946 ya amsa gayyatar limaman ɗariƙar Dominika a Paris. Ya shaida musu cewa ba ya da'awar abin da suka yi imani da shi ƙarya ne, shi dai bai iya shiga ba. Abin da ya roƙe su shi ne su riƙa fitowa fili suna la'antar zalunci da harshen da kowa zai gane, su kuma haɗa hannu da marasa imani wajen rage yawan yaran da ake azabtarwa.

A wannan zama ya amsa wani kuskurensa. Bayan an kori Jamusawa a 1944, ya goyi bayan a hukunta waɗanda suka yi musu aiki ba sassauci, yayin da marubucin Katolika François Mauriac ke kira a yi afuwa. Da ya ga yadda shari'un suka koma ramuwar gayya, ya fito ya ce Mauriac ne ke da gaskiya. Daga baya, a kamfanin ɗab'i na Gallimard, shi ya tsaya aka buga rubuce-rubucen Simone Weil, mace mai zurfin imani da ta rasu a 1943.

Kwana biyu bayan Hiroshima

A lokacin yaƙi Camus ya shiga ƙungiyar masu turjiya ta ɓoye, ya zama babban editan jaridarsu, Combat. Ranar 6 ga Agusta, 1945, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Yawancin jaridun Faransa sun ɗauki abin a matsayin gagarumar nasarar kimiyya.

Ranar 8 ga wata Camus ya rubuta sharhin da ya saɓa musu. Ya ce wayewar injina ta kai matuƙar dabbanci, kuma rashin kunya ne a yi bikin binciken da aikinsa na farko shi ne hallaka jama'a. Ya ce lokaci ya zo da ɗan Adam zai zaɓa tsakanin halaka kansa baki ɗaya da kuma yin amfani da ilimi da hankali.

Masanan da suka ƙera bam ɗin ba su yi kuskure a lissafi ba. Wannan shi ne abin da ya tsorata shi. Lissafin ya nuna yadda za a yi, bai ce komai ba game da ko ya dace a yi.

Likita da limamin coci

A 1947 ya fitar da La Peste, wato Annoba. Labarin birnin Oran ne da aka rufe ƙofofinsa bayan ɓeraye sun fara mutuwa a tituna, mutane suka biyo baya. Jarumin likita ne, Rieux, wanda bai yi imani ba. Yana amfani da duk abin da ilimin likitanci ya ba shi, yana kuma sane da cewa yawancin majinyatansa za su mutu. Kullum da asuba yakan fita.

Akwai limamin coci, Paneloux, wanda da farko ya yi huɗuba cewa annobar horo ce saboda zunubi. Sai ya tsaya a bakin gadon wani ƙaramin yaro har ransa ya fita cikin azaba. Bai bar imaninsa ba, amma huɗubarsa ta sauya, ya kuma kasance cikin 'yan sa-kai masu jinya. Likitan da limamin ba su taɓa daidaitawa a kan aƙida ba. Aiki ɗaya suka yi a ɗaki ɗaya.

A wannan littafi amsar Camus ta ƙara faɗi. Sisifus shi kaɗai yake tura dutsensa, amma mutanen Oran tare suke turawa. Ma'anar da ya samu ita ce mutum ya yi aikinsa da gaskiya, kada ya ƙara wa duniya wahala, ya tsaya a gefen wanda ake cuta. A 2020, da korona ta kulle birane, littafin ya sake shiga sahun waɗanda aka fi saya a Italiya da Faransa.

Rabuwa da Sartre

Akwai wata aƙida da ta fi kowace iƙirarin cewa ita kimiyya ce a zamaninsa, wato Markisanci irin na Tarayyar Sobiyet. Mabiyanta sun ce tarihi yana da dokoki kamar na lissafi, tattalin arziki ne ke juya komai, kuma ƙarshen tafiyar sananne ne. Saboda haka duk wanda aka kashe a hanya, kuɗin shiga aljannar duniya ne.

A L'Homme révolté, wato Ɗan Tawaye, wanda ya fito a 1951, Camus ya ce wannan annabci ne aka sa wa rigar kimiyya. Ya yaba wa Karl Marx a kan yadda ya tona asirin wahalar ma'aikata, amma ya ce hasashensa na gaba imani ne kamar kowane imani. Ya bi sawun abin har zuwa masanan ƙarni na 19 irin su Auguste Comte, waɗanda suka cire Allah suka ɗora ci-gaba a gurbinsa. Ya ambaci sansanonin gwale-gwale na Sobiyet a lokacin da yawancin abokansa na ɓangaren hagu ba sa son a ambata.

Abin ya jawo masa tsada. Mujallar abokinsa Jean-Paul Sartre, Les Temps modernes, ta yi wa littafin kaca-kaca a 1952. Camus ya mayar da martani, Sartre ya rama da zafi, abota ta mutu. A Paris aka riƙa yi masa kallon mai wa'azin da bai ƙware a falsafa ba.

Tsaka mai wuya a Aljeriya

Yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya fara ranar 1 ga Nuwamba, 1954. Camus ya daɗe yana gargaɗin cewa zalunci zai kai ga haka, har da rahotannin da ya rubuta a 1945, shekarar kisan Sétif. Ya la'anci azabtarwar da sojojin Faransa ke yi, ya kuma la'anci bama-baman da ƙungiyar FLN ke sakawa a wuraren fararen hula.

Ranar 22 ga Janairu, 1956, ya je Aljiyas ya yi kira ga ɓangarorin biyu su amince su daina taɓa farar hula. A waje, 'yan uwansa Turawa masu tsattsauran ra'ayi suna ihun a kashe shi. Kiran bai yi tasiri ba. Daga nan ya rage magana a fili, ya koma rubuta wasiƙu a ɓoye yana nema wa 'yan Aljeriya da aka yanke wa hukuncin kisa afuwa.

Amma bai goyi bayan cikakken 'yancin kai ba. Ya so a yi tarayyar da Musulmi da Turawa kusan miliyan ɗaya za su zauna da haƙƙi daidai. Tarihi bai bi ta nan ba, Aljeriya ta samu 'yanci a 1962.

A 1957 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi yana da shekara 44, shi ne haifaffen Afirka na farko da ya samu ta adabi. Cikin waɗanda ya fara rubuta wa wasiƙar godiya akwai tsohon malaminsa Louis Germain. A Stockholm wani ɗalibi ɗan Aljeriya ya ƙalubalance shi a kan shirunsa. Ya amsa cewa ana saka bam a motocin haya na Aljiyas, mahaifiyarsa na iya kasancewa a ciki, kuma idan wannan ake kira adalci to zai zaɓi mahaifiyarsa. Har yau ana jayayya a kan wannan amsa.

Tikitin jirgin da bai yi amfani da shi ba

Da kuɗin kyautar ya sayi gida a ƙauyen Lourmarin a kudancin Faransa. Ranar 4 ga Janairu, 1960, yana komawa Paris a motar abokinsa Michel Gallimard, motar ta ƙwace ta daki bishiya kusa da Villeblevin. Camus ya mutu nan take yana da shekara 46. Gallimard ya bi shi bayan 'yan kwanaki. A aljihunsa aka samu tikitin jirgin ƙasa, domin da jirgi ya yi niyyar tafiya kafin abokin ya ja ra'ayinsa.

Kwana 40 cif bayan mutuwarsa, ranar 13 ga Fabrairu, Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a hamadar Aljeriya, kusa da Reggane. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun ji tsoron gubar da iskar hunturu za ta iya kwasowa. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961. Abin da ya yi gargaɗi a kansa a 1945 ya iso ƙasar haihuwarsa, ya kuma taɓo Nijeriya.

Abin da ake tuhumarsa da shi

Masu nazari irin su Edward Said sun nuna cewa Larabawa a littattafansa inuwa ce kawai. Balaraben da aka kashe a Baƙo ko suna ba shi da shi. A 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya fitar da littafin da ya ba mamacin suna Musa, ya bar ɗan uwansa ya ba da labarin daga nasu ɓangaren.

A gida ma bai cika abin da yake koyarwa ba. Aurensa na farko ya mutu da wuri. Matarsa ta biyu, Francine Faure, uwar tagwayensa, ta sha fama da ciwon damuwa, kuma neman matansa a waje na cikin abin da ya ƙara mata. La Chute, wato Faɗuwa, da ya fitar a 1956, labarin wani lauya ne da ake ganin mutumin kirki har ranar da ya ji mace ta faɗa kogi bai waiwaya ba. Da yawa na karanta shi a matsayin tuhumar da marubucin ya yi wa kansa.

Tambaya mafi nauyi kuwa daga masu imani take fitowa. Idan duniya ta yi gum da gaske, babu hisabi, babu sakamako, daga ina wajibcin taimakon wanda ake cuta ya fito? Me ya sa likitan Oran ya fi wanda ya sayar da magani a kasuwar bayan fage? Suna ganin Camus ya ci gaba da cin 'ya'yan bishiyar da ya ce bai ga saiwarta ba. Masu ra'ayin kimiyya zalla kuma suna cewa tausayi da neman ma'ana duk abubuwa ne da halitta ta dasa a ƙwaƙwalwa, babu wani sirri. Amsarsa ga na biyun a shirye take: sanin inda tausayi ya fito bai gaya wa mutum ko ya bi shi ko ya danne shi ba. Ga na farkon kuwa bai taɓa da'awar yana da hujjar da ta rufe baki ba. Ya ce dai idan ya ga ana wulaƙanta mutum, akwai abin da ke tashi a cikinsa ya ce a'a, kuma daga nan yake farawa.

Manomin Danja da ya sake zuba irin tumatir bayan sharon yana da amsar da Camus bai samu ba, kuma ba zai yi musaya da shi ba. Amma da za su haɗu a bakin fadama, akwai abu biyu da ba za su yi gardama a kai ba: a saurari malamin gona a kan maganin feshi, kuma kada a jira ya faɗi dalilin da ya sa ake tashi da asuba.

A wurin haɗarin an tsinci jakarsa cikin taɓo. A ciki akwai rubutun hannu na shafi 144 na littafin da bai gama ba, Le Premier Homme, wato Mutum na Farko, labarin yaro maraya a unguwar talakawa da malamin da ya cece shi. 'Yarsa ce ta fitar da shi a 1994. A shafin farko ya sadaukar da littafin ga mahaifiyarsa, yana sane da cewa ba za ta taɓa iya karanta shi ba. Ta rasu a Aljiyas a watan Satumban 1960, wata takwas bayan ɗanta.